Ƴan jiragen ruwa masu bin umurnin radiyo

1. Sha'awar manya da yara

A ƙasashe da yawa akwai mutane masu ƙera ƙananan jiragen ruwa da hannunsu. Sha'awa ce ke sa su, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru, wani kuma ke kiwon doki. Cikinsu akwai yara, akwai magidanta, akwai tsofaffi masu furfura. Ranar hutu sai su taru a bakin tabki, kowa da jirginsa.

Ɗan jirgin yakan kai kamu ɗaya, ko biyu, ko uku. Yana kama da babban jirgi ta kowane gefe, har da tagogi da matakala da fitilu. Mai shi yana tsaye a gaɓa, riƙe da wani ɗan akwati. In ya taɓa akwatin, sai jirgi ya tashi. In ya sake taɓawa, sai ya juya dama ko hagu. Babu igiya tsakaninsu, babu waya. Radiyo ne ke kai umurni.

Mai kallo daga nesa zai ce wasan yara ne. Amma ruwa bai san wasa ba. Dokar da ke riƙe da babban jirgi a teku, ita ce ke riƙe da ɗan jirgi a tabki. Wanda ya auna daidai, jirginsa zai yi tafiya. Wanda ya yi ganganci, aikin wata shida zai nutse a gabansa cikin minti ɗaya.

2. Daga ina abin ya samo asali?

Ƙera ƴan jirage tsohuwar al'ada ce. A shekarar 1920 masu binciken tarihi sun buɗe kabarin wani babban bafade a ƙasar Masar, mai suna Meketre. Ya rayu kimanin shekara 4000 da suka wuce. A ciki suka tarar da ƴan jirage na icce, da ƴan mutanensu masu tuƙi. Yau ana ganinsu a gidajen tarihi na Alƙahira da Niyu Yok.

A Turai da Amurka, tun kafin radiyo, mutane suna tseren ƴan jirage masu ƙyallen iska. Sai mutum ya gyara ƙyallen, ya saki jirgin, ya ruga ya kewaya tabki don ya tarbe shi a ɗaya gaɓar. Da jirgi ya bar hannunsa, ba shi da sauran iko da shi. Har yanzu a lambun Lukzambur, cikin birnin Paris, yara suna hayar irin waɗannan jirage, suna tura su da sanda.

A shekarar 1898 wani masanin lantarki mai suna Nikola Tesla ya nuna sabon abu a birnin Niyu Yok. Ya sa wani ɗan jirgin ƙarfe cikin ruwa, tsawonsa ya ɗara metir 1. Ya riƙa juya shi daga nesa, yana kunna fitilunsa, yana kashewa. A lokacin mutane ƙalilan ne suka san radiyo. Waɗansu ƴan kallo suka ce sihiri ne.

Kayan radiyo na farko suna da girma da nauyi da tsada. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, suka fara shiga hannun jama'a. A 1947 aka ƙirƙiro taranzisto. Sannu a hankali kayan suka ƙanƙance, suka yi sauƙi. Yau abin da ke karɓar umurni cikin ɗan jirgi bai fi kwalin ashana girma ba.

3. Me ya sa jirgi ba ya nutsewa?

In an jefa ƙusa cikin ruwa, sai ta nutse. In an ɗora kwanon ƙarfe a kan ruwa, sai ya tsaya a sama. Ga shi kuwa kwano ya fi ƙusa nauyi. Mene ne dalili?

Wani masani mai suna Arshimed ya ba da amsa. Ya zauna a tsibirin Sisil fiye da shekara 2200 da suka wuce. Ga abin da ya gano. Duk abin da aka sa cikin ruwa yana kawar da ruwa daga wurinsa. Shi kuma ruwa yana tura abin zuwa sama. Ƙarfin turawar daidai yake da nauyin ruwan da aka kawar.

Ƙusa siririya ce, ruwa kaɗan take kawarwa, don haka ruwa ba ya iya ɗaukarta. Kwano yana da faɗi da zurfi, yana kawar da ruwa mai yawa. Haka ƙwarya take, haka goran masunta yake, haka kwale-kwalen kogin Isa yake.

Litir 1 na ruwa yana da nauyin kilo 1. Ke nan jirgi mai kilo 4 zai shiga ruwa har ya kawar da litir 4, sannan ya tsaya. Wurin da ruwa ya tsaya a jikinsa shi ne layin ruwa. In an ƙara masa kaya, zai ƙara shiga. In ruwa ya kai bakinsa ya fara kwarara ciki, to, an gama.

4. Awon ragewa

Mai ƙera ɗan jirgi ba ya aiki da ka. Yana farawa da zanen babban jirgi, sannan ya rage kowane awo da lamba ɗaya. Wannan shi ne awon ragewa. Ana rubuta shi haka: 1/20, ko 1/50, ko 1/100. In an ce 1/20, ana nufin santimetir 1 a ɗan jirgi yana madadin santimetir 20 a babban jirgi.

Ga misali. Wani kwale-kwale yana da tsawon metir 12, wato santimetir 1200. Faɗinsa santimetir 160. An so a ƙera ɗansa da awon 1/20.

Tsawo: 1200 a raba da 20, ya ba da santimetir 60.
Faɗi: 160 a raba da 20, ya ba da santimetir 8.

Ƙofa, kujera, tuƙi, mutum, kowane abu da 20 za a raba shi. In an manta da ɗaya, ido zai gane nan take.

Nauyi fa? A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Nauyi ba a raba shi da 20 kaɗai. Jirgin ya ragu ta fuska uku: tsawo, faɗi da zurfi. Saboda haka sau uku za a raba. 20 sau 20 sau 20 ya ba da 8000. In kwale-kwalen da kayansa yana da kilo 4000, ɗansa rabin kilo zai yi, wato giram 500.

A cikin giram 500 ɗin nan ne za a sami icce, da fenti, da inji, da pil, da kayan radiyo. In sun kai giram 800, jirgi zai shiga ruwa ya wuce layinsa. In giram 300 kawai suka yi, zai ɗago sama yana tangaɗi. Shi ya sa sikeli ba ya nisa da hannun mai ƙira.

Gudu ma yana da nasa lissafi. Ana neman lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da awon ragewa. Ga awon 1/100, lambar ita ce 10, don 10 sau 10 ɗari ne. Ga awon 1/25, lambar ita ce 5. Da wannan lamba ake raba gudu. Babban jirgi mai cin kilometir 30 a awa, ɗansa na 1/100 kilometir 3 zai ci a awa. Mai tafiya a ƙasa ma zai wuce shi. Amma da wannan gudu ne kaɗai zai tada raƙuman ruwa masu kama da na babban jirgi.

5. Yadda ake ƙira

Babban aiki shi ne ƙwaryar jirgi, wato gangar jikinsa da ke zama cikin ruwa. Akwai hanyoyi da dama na yin ta.

Hanya ta farko ita ce ta haƙarƙari. Ana yanka dogon katako ya zama ƙashin bayan jirgi. Ana yanka haƙarƙari bisa ga zane, a jera su a kansa, a tabbata kowanne ya miƙe. Sannan a bi su da siraran katako, ɗaya bayan ɗaya, ana mannawa da gam. In an sa ɗaya a dama, sai a sa ɗan'uwansa a hagu. In an cika gefe ɗaya kafin ɗaya, ƙwaryar za ta karkace, jirgi kuma ba zai taɓa tafiya a miƙe ba.

Hanya ta biyu ita ce ta sassaƙa. Ana manna allunan katako bisa juna, a sassaƙe waje, a rarake ciki, kamar yadda masassaƙi ke yin akushi.

Hanya ta uku ita ce sayen ƙwarya da aka zuba da roba a masana'anta. Yau akwai ma injunan da ke gina ƙwaryar da zaren roba, suna bin zanen da kwamfuta ta ba su.

Iccen da masu ƙira suka fi so shi ne balsa. Yana fitowa a Amurka ta Kudu, musamman ƙasar Ekwador. Ba shi da nauyi, kuma wuƙa tana yanka shi kamar rogo. Aibinsa ɗaya: yana shan ruwa. Dole a shafe shi da kyau.

In ƙwarya ta haɗu, sai a goge ta da takarda mai yashi har ta yi sumul. A toshe kowace kafa. A shafa fenti, a bari ya bushe, a goge, a sake shafawa, sau uku ko huɗu. Daga nan sai gwajin farko. Ana sa ƙwaryar cikin daro, a ɗora mata nauyi, a bar ta ta daɗe. In an ga ɗigo ko ɗaya a ciki, sai a koma baya. Ruwa da lantarki ba sa ga maciji da juna.

Bayan wannan ake sa inji. Yawancin ƴan jirage da injin lantarki suke tafiya. Injin yana juya wani siririn ƙarfe da ke ratsa bututu ya fita ta ƙasan jirgi. A ƙarshen ƙarfen akwai farfela. Farfela tana tura ruwa baya, jirgi ya yi gaba. Ana cika bututun da man giris don kada ruwa ya bi ta ciki.

A bayan farfela akwai wani ɗan allo a tsaye cikin ruwa. Shi ne akalar jirgi. In ya karkata dama, jirgi ya juya dama. In ya karkata hagu, jirgi ya juya hagu.

6. Nauyi a ƙasa

Jirgi yana iya tsayawa bisa ruwa, amma ya kife. Sanin yawan nauyi bai isa ba. Sai an san inda za a ajiye shi.

A shekarar 1628 sarkin Suwidin ya sa aka gama masa wani katafaren jirgin yaƙi mai suna Vasa. An ɗora masa igwa 64 a hawa biyu. An yi masa ado iri-iri. Kafin ya tashi an gwada shi: mutum 30 suka riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Bayan zuwa uku aka tsayar da su, don jirgin ya fara tangaɗi mai ban tsoro. Duk da haka aka bar shi ya tashi. Ya yi tafiyar kimanin metir 1300 daga tashar Istokholm. Iska ta buso, ya kwanta, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse a gaban jama'a. Mutum kimanin 30 suka rasu. Sai a 1961 aka fito da shi. Laifinsa shi ne nauyi ya yi yawa a sama, ya yi kaɗan a ƙasa.

Mai ƙera ɗan jirgi yana tunawa da wannan. Pil da inji a can ƙasan ƙwarya ake kwantar da su, a ɗaure su don kada su gusa. Ɗakunan sama kuwa da abu marar nauyi ake yin su. In da sauran nauyi, sai a cika da darma a ƙasa, ana matsar da ita gaba ko baya har jirgi ya zauna daidai kan layinsa. Sannan a danna gefensa da yatsa, a saki. Jirgi mai kyau zai miƙe nan da nan. In ya yi jinkiri, akwai gyara.

Jirgi mai ƙyallen iska ya fi kowane buƙatar wannan. Ga dalili. Da awon 1/10, ƙyalle yana raguwa sau 100, don tsawo da faɗi kawai gare shi. Nauyin jirgi kuwa yana raguwa sau 1000. Ita iska ba a rage ta. Iskar da babban jirgi ke jin daɗinta, guguwa ce ga ɗan jirgi. Saboda haka ana yi masa doguwar ƙafa a ƙarƙashi, a liƙa dunƙulen darma a ƙarshenta. In iska ta kwantar da shi, darma ta maido shi.

7. Yadda radiyo ke kai umurni

Kayan radiyo kashi uku ne.

Na farko shi ne mai aikawa, wato akwatin da ke hannun matuƙi. Yana da ƴan sanduna biyu da ake motsawa da babban yatsa. Yana mai da motsin yatsa saƙo, ya watsa shi cikin sarari. Saƙon radiyo yana cin kilometir dubu 300 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙiftawar ido ya isa.

Na biyu shi ne mai karɓa. Yana cikin jirgi, yana da ƴar eriya. Shi ke kama saƙon ya raba shi.

Na uku shi ne sarbo. Wani ɗan inji ne mai hannu ɗaya. Hannun yana bin yatsan matuƙi sau da ƙafa. In yatsa ya matsa kaɗan, hannu ya matsa kaɗan. In ya matsa da yawa, hannu ya matsa da yawa. Shi ke jan akala.

Kowane aiki yana da tasa hanya cikin saƙon. Hanya biyu sun isa tuƙi. A jirgi mai inji, ɗaya ta akala ce, ɗaya ta gudu. A jirgi mai ƙyalle, ɗaya ta akala, ɗaya ta jan igiyar ƙyalle. Masu son ƙari suna sa hanyar fitila, da ta ƙaho, da ta feshin ruwa.

Kamar yadda kowane gidan radiyo yake da zangonsa, haka waɗannan akwatuna suke. Ana auna zango da megahaz. A da ana aiki da megahaz 27 da 40. In mutum biyu suka faɗa zango ɗaya, saƙonsu ya cakuɗe, jirage su yi ta hauka. Don haka kowa yakan ɗaura ƙyalle mai launi a eriyarsa, a san zangonsa. Bayan shekarar 2000 aka koma megahaz 2400. Yanzu kowane mai karɓa ya san mai aikawarsa, ba ya sauraren wani. Jirage da yawa suna iya tafiya tare. Sai dai wannan sabon zango ba ya ratsa ruwa sosai. Masu ƴan jiragen da ke nutso ƙarƙashin ruwa suna riƙe da tsohon zango.

8. Koyon tuƙi

Kafin a sa jirgi a ruwa akwai ƙa'ida. A duba pil. A kunna mai aikawa tukuna, sannan a kunna jirgi. In an gama, a kashe jirgi tukuna, sannan a kashe mai aikawa. Ta haka jirgi ba ya zama a kunne babu mai ba shi umurni.

Sabon matuƙi yana gamuwa da abu uku. Na ɗaya, jirgi ba shi da birki. In an kashe inji, yana ci gaba da sulalewa. Na biyu, akala ba ta aiki sai ruwa yana gudu a jikinta. Jirgin da ya tsaya cik ba ya jin akala. Na uku, in jirgi ya juyo yana fuskantar matuƙi, damansa ta zama hagun matuƙi. A nan hannu ke rikicewa. Magani shi ne mutum ya ɗauka yana zaune cikin jirgin.

Jirgi mai ƙyalle ba ya iya tunkarar iska kai tsaye. Sai ya bi ta a karkace, ya yi dama, ya juya hagu, ya sake dama, kamar raƙumi mai hawan tudun rairayi. Matuƙi yana karanta iska a fuskar ruwa. Inda ruwa ya yi duhu yana yamutsewa, nan iska take.

9. Tsere

Masu wannan sha'awa suna da ƙungiyoyi, suna kuma shirya gasa har ta duniya. Don a yi adalci, an kasa jirage aji-aji. Wani sanannen aji shi ne na metir ɗaya. Tsawon jirgi kada ya wuce metir 1. Nauyinsa kada ya kasa kilo 4. Fiye da rabin wannan nauyi yana ga ƙafa da darmarta. Kowane jirgi yana da ƙyalle kala uku: babba don iska mai sauƙi, matsakaici, da ƙarami don iska mai ƙarfi. Kafin gasa ana auna kowane jirgi, a ɗora shi a sikeli.

Ana sa alamu masu yawo bisa ruwa, jirage su kewaye su. In jirgi biyu suka nufi juna, wanda iska ke bugu ta hagu shi ke ba da hanya. Wanda ya karya doka sai ya yi juyi ɗaya cikakke kafin ya ci gaba. Na farko yana samun maki 1, na biyu maki 2, haka har ƙarshe. Bayan tsere da yawa, mai mafi ƙarancin maki shi ya ci.

Akwai kuma gasar kyan ƙira. A nan alƙalai suna kwatanta ɗan jirgi da zanen babban jirgi, suna duba ko an bi awo.

10. Hattara

Jirgi yana iya mutuwa a tsakiyar tabki. Pil ya ƙare, ko ciyawa ta naɗe farfela. Babbar dokar masu wannan wasa ita ce: ba a shiga ruwa don ceto jirgi. Ana jira iska ta koro shi gaɓa. Ko a jefa igiya mai ƙwallo a janyo shi. Ko wani jirgi ya turo shi. Ana iya ƙera wani jirgi, ba a iya ƙera wani yaro.

Wannan doka ta shafi kowane ruwa, ko tabkin Madarunfa ne, ko na Tabalak, ko kududdufin bayan gari da damina. Ƙasan tabki yana da laka da ramuka da ido ba ya gani. Ruwan kwance kuma yana iya ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke shiga ta fata, ta sa fitsarin jini. Yaro ba ya zuwa bakin ruwa sai da babba.

Masu hikima suna cusa kwalbar roba rufaffiya cikin ƙwaryar jirgi. Ko ruwa ya shiga, jirgi ba zai tafi ƙasa ba. Mataccen pil kuwa ba a jefa shi cikin ruwa, don mutane da dabbobi suna sha. Rigakafi ya fi magani.

11. Daga tabki zuwa teku

Ƴan jirage suna yi wa manya aiki. Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Wiliyam Furud ya nuna haka. Wajen shekarar 1872 ya fara aiki da wani dogon kwarmin ruwa da aka gina a garin Torki. Yana jan ƴan jirage a ciki, yana auna ƙarfin da ruwa ke tare su da shi. Lissafin gudu da aka gani a kashi na 4, daga aikinsa ya fito. Har yau masu gina manyan jirage suna gwada ƙarami kafin su yanka ƙarfen babba.

A Faransa, kusa da birnin Girnobul, akwai wani tabki da ake kira Por Rebel. Tun 1967 matuƙan manyan jirage ke zuwa can koyo. Jiragen wurin an rage su da awon 1/25, amma mutum yana iya zama a ciki. Kome yana faruwa da sauri ninki 5. Matuƙi yana iya yin kuskure a tabki, ya gyara, kafin a ba shi jirgi mai ɗauke da rayuka da dukiya.

Yaron da ya iya ƙera mota da kara da waya yana da hannun da wannan aiki ke so. Abin da zai ƙara shi ne awo, da lissafi, da haƙurin gwadawa kafin saki.

Kalmomi

Awon ragewa: lambar da ake raba kowane awo na babban abu da ita.
Ƙwaryar jirgi: gangar jikin jirgi da ke zama cikin ruwa.
Layin ruwa: wurin da ruwa ke tsayawa a jikin jirgi.
Farfela: fuka-fukai masu juyawa da ke tura ruwa baya.
Akala: allon da ke juya jirgi dama ko hagu.
Sarbo: ɗan inji mai hannu da ke bin yatsan matuƙi.
Zango: wurin da saƙon radiyo ke bi, wanda ya bambanta shi da wani.

Tambayoyi

1. Wane ne ya nuna jirgi mai bin radiyo a 1898? A wane birni?
2. Me ya sa ƙusa ke nutsewa, kwano kuwa ba ya nutsewa?
3. Me ya kifar da jirgin Vasa?
4. Don me ake yi wa jirgi mai ƙyalle doguwar ƙafa?
5. Ku faɗi kashi uku na kayan radiyo da aikin kowanne.
6. In jirgi ya mutu a tsakiyar tabki, me ya kamata a yi? Me bai kamata a yi ba?

Lissafi

1. Wani jirgi yana da tsawon metir 50. Santimetir nawa ɗansa zai yi da awon 1/100?
2. Wani ɗan jirgi yana da santimetir 40, awonsa 1/25. Metir nawa babban jirgin yake da su?
3. Wani jirgi yana da kilo 3000. Kilo nawa ɗansa zai yi da awon 1/10?
4. Wani jirgi yana cin kilometir 20 a awa. Wane gudu ya dace da ɗansa na 1/25?

Aikin hannu

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya samo daro, da gwangwanin kifi marar kaifi, da tsakuwa, da sillen kara, da laka.

1. Ku ɗora gwangwani a kan ruwa. Ku sa alama a layin ruwa. Ku riƙa sa tsakuwa ɗaya ɗaya, kuna ƙirgawa, har ya nutse. Ku rubuta adadin.
2. Ku tara tsakuwar a gefe ɗaya. Nawa ya ɗauka wannan karo?
3. Ku kafa sillen kara a tsakiyar gwangwani. Ku liƙa curin laka a samansa, ku hura iska. Sannan ku maido lakar gindin karan, ku sake hurawa.
4. Ku zana abin da kuka gani cikin littafinku. Ku rubuta jimla uku da ke bayyana dalili.